Yadda ake lissafa awoyin ma'aikata kafin a biya albashi

Rigimar albashi ranar biya take fashewa, amma tun farkon wata ake ƙulla ta. Ma'aikaci yana riƙe da nasa lissafin a ka, akawu yana da littafin da rabin layukansa babu lokacin tashi, maigida kuma bai taɓa faɗa wa kowa nawa ne kuɗin awa ɗaya ba. In aka kai ƙarshen wata a haka, kalkuleta ba za ta raba gardama ba. Lissafin kansa bai wuce na firamare ba: ragewa, tarawa, rabawa da sittin. Wuyar tana wajen tsayar da ƙa'ida ɗaya tun kafin a fara, a kuma riƙe ta ko ta faɗa kan maigida ko ta faɗa kan ma'aikaci.

Zan yi amfani da gidan burodi irin waɗanda ke Kano da kewaye, mai ma'aikata kamar ashirin: masu kwaɓi da safe, masu gashi da dare, direba da maigadi. Alƙaluman albashin na misali ne. Hanyar kuwa ɗaya ce da ta gidan mai, kamfanin ruwan leda, asibiti mai zaman kansa ko kamfanin gadi.

Mataki na farko: a tsayar da ƙa'ida a rubuce

Mutane da yawa sun ɗauka dokar Najeriya ta ce awa takwas ne aikin yini. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago bai yanke adadi ba. Ya bar shi ga yarjejeniyar ma'aikaci da mai aiki, ko abin da ƙungiyar ƙwadago ta sasanta a kai, ko hukumar da ke tsara albashin wannan sana'a. Duk awoyin da suka haura abin da aka amince, su ne obataim. Nawa za a biya obataim ɗin, shi ma dokar ba ta faɗa ba. Ke nan in ba ka rubuta ba, babu abin da za ka dogara da shi ranar da gardama ta tashi. A Nijar da Ghana ba haka abin yake ba, doka ce da kanta ta ajiye awa 40 a mako.

Akwai dai iyakokin da yarjejeniya ba ta ƙetarewa. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini dole a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, ko a dunƙule ko a rarrabe. A kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. In an ci masa wannan hutun, sai a rama masa cikin kwana 14 ko a biya shi a farashin obataim. Albashi ba ya wuce wata ɗaya ba a biya ba. Sashe na 7 kuma ya wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya cika wata uku da farawa. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawuna, manajoji da ƙwararru takardar ɗaukarsu aiki ce ke magana, amma babu abin da ke hana ka bi tsari ɗaya ga kowa.

A cikin takardar nan a amsa tambayoyin da su ne ke haddasa faɗa. Ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi, kwana nawa a mako? Hutun cin abinci da sallah yana cikin awoyin da ake biya ko ana cire shi? Ranar Juma'a minti nawa aka ware don masallaci? Da azumi ana rage lokaci, kuma in an rage, albashi yana nan yadda yake? Wa ke da ikon cewa a tsaya obataim? Wace rana ake rufe lissafin wata?

A gidan burodinmu an tsayar da haka: Litinin zuwa Asabar, 07:00 zuwa 16:00, hutun awa ɗaya ba a biya, saura awa takwas, awa 48 a mako. Juma'a hutun minti 90 ne, a tashi 16:30. Obataim kuɗin awa ɗaya da rabi, ranar hutun gwamnati ninki biyu. Wannan shi ne abin da aka fi sabawa da shi a kamfanoni.

Maganar hutu tana da wani lungu da ake yawan tsallakewa. A ma'anar doka, hutu shi ne lokacin da aka ƙayyade tun da farko, wanda ma'aikaci ke da 'yancin barin wurin aiki ya yi abin da ya ga dama. Maigadin da ke cin abincinsa a bakin ƙofa, yana miƙewa duk sanda mota ta yi hon, bai huta ba, don haka ba a cire masa awa. Haka ranar da fulawa ba ta iso ba ko janareta ya lalace, aka ce ma'aikata su zauna su jira: tun da kai ka tsare su, a wurina wannan lokacin aiki ne, a rubuta shi.

Mataki na biyu: rajistar shiga da fita

Littafi mai layuka da biro ya wadatar, muddin ana cika shi a kan lokaci. Kowane layi ya ɗauki kwanan wata, suna, lokacin shiga, lokacin fita, mintunan hutu, sa hannun ma'aikaci, da gurbi ɗaya na bayani. Abu uku ne ke gyara littafi ko su ɓata shi.

Na ɗaya, agogo ɗaya tak. A rataye shi kusa da littafin, shi ne alƙali, ba agogon wayar kowa ba. Na biyu, a rubuta lokaci da ƙirgen awa 24: ƙarfe huɗu na yamma 16:00, tara da rabi na dare 21:30. A wurin da ake dutin dare, "6:00" kaɗai ba ta faɗa maka safe ne ko yamma. Na uku, ainihin mintin da aka shigo shi ake rubutawa. Littafin da kowa ya shigo 07:00 cif, ya fita 16:00 cif, tsawon wata guda, ranar ƙarshe aka zauna aka cika shi, kuma duk wanda ya duba ya sani. Wasu wuraren foman kan ja jan layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe da zarar lokacin shiga ya wuce, duk wanda ya sa hannu ƙasan layin an san ya makara. Dabara ce mai arha, kuma tana aiki.

Na'urar dangwala yatsa tana maganin "sa mini hannu ina hanya", amma tana da nata halin. Hannun da ya wuni cikin ƙullu da mai ba kullum take karanta shi ba, haka na masu aikin siminti, kuma in babu batir a cikinta, wuta na ɗaukewa rajista ta tsaya. A ajiye littafi a gefe saboda irin wannan rana. A kuma tuna zanen yatsa yana cikin bayanan da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗauka masu muhimmanci na musamman, don haka a sanar da ma'aikata abin da ake tarawa da dalili, kada kuma fayil ɗin ya riƙa yawo a WhatsApp.

Wanda ya manta bai sa lokacin fita ba, washegari a gyara, foman ya rubuta lokacin da ya san an tashi, su biyun su sa hannu. Kada a goge. A ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi. Wanda ya iso 06:40 ya zauna shan shayi har 07:00, daga 07:00 lissafinsa ke farawa. In kuwa sa shi aka yi ya kunna tanda tun 06:40, daga nan ne, kuma a rubuta a gurbin bayani.

A rufe kowane mako ranar Asabar, ma'aikaci ya ga jimillarsa ya sa hannu. Gardamar abin da ya faru ranar Laraba tana da sauƙi ranar Asabar. Bayan mako uku babu mai tunawa.

Mataki na uku: a mayar da komai minti

A nan kuɗi suka fi zubewa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Awa minti 60 ce, kalkuleta kuwa da ɗari take ƙirga. Awa 7 da minti 45 in ka danna ta 7.45 ka yi kuskure, daidai ita ce 7.75, saboda 45 kashi uku cikin huɗu ne na 60. Bambancin 0.30 na awa, wato minti 18 a yini ɗaya. Kuma wannan kuskuren gefe ɗaya yake faɗawa kullum: ma'aikaci yake ci.

Hanya mafi aminci ita ce a bar awa gaba ɗaya sai a ƙarshe. Ninka awa da 60, ka ƙara mintuna. 07:12 ta zama 7 sau 60, 420, da 12, wato 432. 16:00 ta zama 960. Cire na shiga daga na fita, 528. Cire hutu 60, saura 468. Minti 468 ya yi aiki ranar. Ga makon mai kwaɓi guda:

Litinin, 07:00 zuwa 16:10, hutu 60: minti 490
Talata, 07:12 zuwa 16:00, hutu 60: minti 468
Laraba, 07:00 zuwa 18:35, hutu 60: minti 635
Alhamis, 07:05 zuwa 16:05, hutu 60: minti 480
Juma'a, 07:00 zuwa 16:30, hutu 90: minti 480
Asabar, 07:00 zuwa 17:20, hutu 60: minti 560

Jimilla minti 3,113. Yanzu ne za a raba da 60, sau ɗaya: awa 51.88, wato awa 51 da minti 53. Da akawu ya rubuta su 8.10, 7.48, 10.35, 8.00, 8.00 da 9.20 ya tara a kalkuleta, 51.13 zai samu. Minti 45 sun ɓace a mako ɗaya, ga mutum ɗaya, kuma duka daga obataim ɗinsa. Ka ninka wannan da ma'aikata ashirin da mako 52.

Mai son haddace kaɗan: minti 6 shi ne 0.1, minti 15 shi ne 0.25, minti 30 shi ne 0.5, minti 45 shi ne 0.75. In za ka koma daga ɗigo zuwa minti, ninka abin da ke bayan ɗigon da 60.

Dutin dare yana rikita mutane saboda lokacin fita ya fi na shiga ƙanƙanta. Mai gashi ya shiga 21:30, ya fita 06:15. Shiga minti 1,290 ne, fita 375. Tun da an tsallaka tsakar dare, a ƙara wa na fita kwana guda, wato minti 1,440, ya zama 1,815. Cire 1,290, saura 525. Cire hutu biyu na rabin awa, 465, wato awa 7.75. Dutin gaba ɗayansa ana rubuta shi a ranar da ya fara. Wanda ya shiga daren 31 ga wata ya fita 1 ga sabon wata, aikin na tsohon wata ne. Kada a tsaga shi biyu, sai dai in washegarin ranar hutun gwamnati ce kuma takardarku ta ce daga tsakar dare farashi ke canzawa.

Sai batun dunƙule mintuna zuwa kwata-kwata. Wasu kamfanoni suna bin tsarin da ya yi fice a Amurka: minti 1 zuwa 7 a mayar baya, 8 zuwa 14 a tura gaba zuwa 15. Can ma an yarda da shi ne bisa sharaɗin kada ya riƙa tauye ma'aikaci a tsawon lokaci. Abin da ake gani a nan sau da yawa shi ne 07:03 ta koma 07:15 da safe, 16:14 ta koma 16:00 da yamma. Ni dai shawarata a bar dunƙulewa. An ƙirƙiro ta ne lokacin da ake lissafi da hannu. Wanda ke tara mintuna ba ya buƙatarta. In ana so a sassauta, a ba da rangwamen minti biyar ko goma na makara, a rubuta shi, ya hau kan kowa.

Mataki na huɗu: nawa ne kuɗin awa ɗaya

Mai albashin wata ba a yi ciniki da shi a kan awa ba, amma dole a fitar da farashin awarsa kafin a biya obataim ko a cire fashi. Watanni ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ake bi ta shekara: awoyin mako sau 52, a raba da 12. Mai awa 48 a mako yana da awa 208 a wata. Mai awa 40 yana da 173.33, adadin da akawunan Nijar suka saba gani a takardar albashi.

Mai kwaɓinmu yana karɓar N78,000. Raba da 208, awarsa N375, mintinsa N6.25, yininsa na awa takwas N3,000. Kashiyar da ke karɓar N78,000 ɗin amma kwana biyar take zuwa, awarta N450 ce. Maigadi mai awa 12 kwana shida, awa 312 ke nan a wata. A kan wannan albashin awarsa N250. Albashi ɗaya, farashi uku. Yana da kyau maigida ya ga waɗannan alƙaluman da idonsa kafin ya ce yana biyan kowa daidai. A tuna kuma mafi ƙarancin albashi na ƙasa N70,000 ne tun Yulin 2024, kuma ya wajaba a kan wurin da ke da ma'aikata 25 ko fiye.

Ga inda za a yi hattara. N78,000 in an raba da kwana 26 na aiki N3,000 ne, daidai da lissafin awa 208. In an raba da 30, N2,600 ne. Akwai wuraren da in za a cire fashi sai a raba da 26 don cirewar ta yi yawa, in za a biya ƙarin yini sai a raba da 30 don biyan ya yi kaɗan. Mudu biyu ke nan, na saye daban na sayarwa daban. Duk wanda ka zaɓa, da shi za ka cire, da shi za ka biya, daga Janairu har Disamba, Fabrairu ma haka.

Mataki na biyar: obataim, makara da fashi

Hanya biyu ce, kuma ba sa ba da amsa ɗaya. Ta mako: duk abin da ya haura awa 48, wato minti 2,880. A makon can 3,113 a cire 2,880, saura minti 233. Awa ɗaya da rabi N562.50 ce, minti ɗaya N9.375. Minti 233 sun zama N2,184. Makarar minti 12 ta ranar Talata ta narke a ciki, ba a sake cire ta.

Ta yini: duk abin da ya haura minti 480 a kowace rana. Litinin 10, Laraba 155, Asabar 80, jimilla 245, kuɗinsu N2,297. Sai a cire makarar Talata a farashin yau da kullum, minti 12 sau N6.25, N75. Saura N2,222. Bambancin hanyoyin bai kai N40 ba a wannan makon, amma a makon da mutum ya yi rabin yini wata rana ya kuma kai dare wata rana, tazarar tana buɗewa sosai. Ta yini ta fi yi wa ma'aikaci daɗi, ta mako ta fi sauƙin lissafi. Zaɓi ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne haɗa su a biya minti ɗaya sau biyu, ko a riƙa duba wacce ta fi arha a kowane mako.

Mai bin hanyar mako yana da tarko guda. A makon da hutun Sallah ko 1 ga Oktoba ya faɗo, ko ma'aikaci ya kwanta ciwo kwana ɗaya, awoyinsa na aiki ba za su kai 48 ba ko da ya kai dare sauran ranakun, sai obataim ɗinsa ya tafi cike gurbin ranar da ba shi da laifi a kanta. Gyaran shi ne a sa wa irin wannan rana minti 480 kamar ya yi aiki. Doka ta ba da kwana 12 na jinya da albashi a shekara in akwai takardar likita, da aƙalla kwana shida na hutun shekara bayan wata 12 ana aiki. In kuwa fashi ya yi ba izini, aka cire masa N3,000 na ranar, to ma'aunin wannan makon ya sauka zuwa awa 40. In ba haka ba an hukunta shi sau biyu a kan fashi ɗaya.

"Ninki biyu" na ranar hutun gwamnati shi ma a fayyace shi. Albashin wata ya riga ya ƙunshi ranar ko bai zo ba. To in ya zo ya yi awa shida, ƙarin N375 sau shida za a ba shi, N2,250, ya zama ninki biyu in an haɗa da na cikin albashi? Ko ƙarin N750 sau shida, N4,500? Kowanne akwai masu bi. A gidan burodinmu na biyun aka rubuta, don burodi ranar hutu ya fi tafiya, kuma ba kowa zai bar gida ranar Sallah a kan N2,250 ba.

Makara kuwa, lokacin da ba a yi aiki ba shi ake cirewa. Tarar N1,000 a kan minti goma, wadda ta zama ruwan dare a shaguna da gidajen mai, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire ta daga albashi. Ko ɓarnar da ma'aikaci ya yi da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake cire kuɗinta. Mai yawan makara gargaɗi ake rubuta masa.

Mataki na shida: a ɗora wa Excel

In ma'aikata sun wuce biyar, lissafin hannu ɓata lokaci ne. Excel ko Google Sheets, ko a waya, sun isa. Shafi ɗaya ga kowane ma'aikaci: A kwanan wata, B shiga, C fita, D mintunan hutu, E mintunan aiki. Lokaci da ɗigo biyu ake rubuta shi, 07:12, in ka sa 7.12 lamba ce kawai a wurinsa. A E2 ka rubuta:

=ROUND(MOD(C2-B2,1)*1440,0)-D2

Excel yana ɗaukar lokaci a matsayin yankin yini, 12:00 a wurinsa 0.5 ce, shi ya sa ake ninkawa da 1,440 a samu minti. MOD ɗin ne ke warware dutin dare ba sai ka ƙara komai ba. Ka tabbata gidan E a tsarin lamba yake, in ba haka ba zai nuna maka wani lokaci marar ma'ana.

Amma MOD yana da haɗari. In an bar gidan fita fanko, Excel zai ɗauka tsakar dare aka tashi, wanda ya shiga 07:00 sai ya fito da awa 17 kafin a cire hutu. Don haka gara wannan:

=IF(COUNT(B2:C2)<2,"duba",ROUND(MOD(C2-B2,1)*1440,0)-D2)

Duk layin da bai cika ba zai rubuta "duba", kuma SUM ba ya ƙirga shi. Jimillar mako a E8 ita ce =SUM(E2:E7), obataim a F8 =MAX(0,E8-2880), kuɗinsa =ROUND(F8/60*375*1.5,2). Farashin awa da ma'aunin mako gara a ajiye su a gidajensu daban a saman shafi, ana nuni gare su, don ranar ƙarin albashi wuri ɗaya za a taɓa. Wanda ya fi son ganin awa da minti, ya sani tsarin h:mm yana komawa sifili bayan awa 24: awa 51:53 za ta fito 3:53. Tsarin [h]:mm ne ke nuna ta cikakkiya. Masu Excel na Faransanci a Maradi ko Damagaram za su rubuta ARRONDI, SI, NB da SOMME, su kuma raba da alamar ; maimakon waƙafi.

Ko da na'ura ce ke fitar da rahoto, ɗauki ma'aikaci ɗaya kowane wata ka yi makonsa guda da hannu ka gwada. Wasu na'urorin 8.30 ɗinsu awa takwas da rabi ce, wasu kuma awa takwas da minti 18.

Mataki na bakwai: haɗa wata da cire-cire

Mako ba ya ƙarewa tare da wata. Mafi sauƙi, mako na watan da Asabar ɗinsa ta faɗa ne. Wasu kuma suna rufe rajista ranar 20 ko 25 don akawu ya samu lokaci. Albashi ya fita cikakke, obataim da fashin kwanakin da suka rage su shiga wata mai zuwa. Ko wanne ne, ma'aikata su sani, don wanda ya kai dare ranar 28 bai gani a kuɗinsa ba zai ɗauka an cinye.

Ga watan mai kwaɓin. Obataim na makonni huɗu: minti 233, sifili, 140 da 95, jimilla 468, wato awa 7.8, kuɗinsu N4,387.50. Awa shida ranar hutun gwamnati, N4,500. Fashin kwana ɗaya ba izini, a cire N3,000. N78,000 da N4,387.50 da N4,500, a cire N3,000, ya zama N83,887.50. Wannan ne abin da ya samu kafin cire-ciren hukuma. Kwabo sai a nan ake dunƙule shi, ba a kowane layi ba.

Daga nan sai fansho. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye: kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki, a kan abin da bai gaza asalin albashi da kuɗin gida da na sufuri ba, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kashi 10 ɗin daga aljihun kamfani yake fita, haka kashi 1 na NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Ba a taɓa albashin ma'aikaci saboda su. Harajin albashi hukumar haraji ta jiha ake tura wa zuwa 10 ga wata mai bi, kuma obataim yana cikin kuɗin da ake lissafa harajin a kai. Tsarinsa ya canza daga Janairun 2026, inda N800,000 na farko a shekara ba su da haraji, don haka wanda ke amfani da tsohon jadawali ya sabunta. Sai adibas da bashin da ma'aikaci ya ci. Doka ta ce jimillar abin da ake cirewa a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan; in bashin ya fi haka, a rarraba shi.

Takardar albashi ko rabin shafi ce ta wadatar, amma ta nuna asalin albashi, farashin awa, mintunan obataim da kuɗinsu, ranar hutu, fashi da kwanan watansa, kowane cirewa da sunansa, da abin da ya rage. A ba da ita kwana ɗaya ko biyu kafin a tura kuɗi, don mai ƙorafi ya zo da ita a buɗe rajista tare. Wanda ya cika rajista kada ya zama shi ke amincewa da biya. Foman ya tabbatar da awoyi, akawu ya lissafa, maigida ko manaja ya duba ya sa hannu. A nan ake kama obataim ɗin da ba wanda ya ba da izininsa, da sunan wanda ya bar aiki tun watan jiya.

Littafin rajista, shafukan mako da aka sa wa hannu da kwafin takardun albashi a haɗa su wata-wata a fayil ɗaya. Doka ta ce a ajiye bayanan albashi shekara uku, kuma su ne abin da jami'in Ma'aikatar Ƙwadago zai nema in ya zo bincike, ko Kotun Ma'aikata in magana ta kai can. Fayil ɗin Excel na kowane wata a kulle shi bayan biya, a fitar da kwafinsa na PDF, a ajiye wani a imel ko wani wuri da ba kwamfutar ofis ba. In an gano kuskure daga baya, kada a koma a taɓa tsohon wata. A sa gyaran a layinsa daban cikin albashin wata mai zuwa, da bayanin ranar da abin ya shafa.